Sandunan Toronto Sun Hau Bango

Loulé, jajiberin bikin Waliyyi Yohanna

Yaya Valdemar,

"Ki gaya masa sandunansa suna nan lafiya, ko ƙura ba ta hawa kansu." Baba ke nan, tsaye a bakin ƙofar kicin da bokitin ban ruwa a hannu, tun kafin in gama rubuta sunanka. To, na gaya maka. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar tasa ce ta sa na ɗauki biro maimakon in kira ka a waya, don a waya kana katse ni, labarin nan kuwa ba ya son katsewa. Amma bari in fara da abin da ya kamata, kada Mama ta ce karatun jami'a ya cinye min ladabi.

Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, tare da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Marlene da yaran. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a aikinka, ya riƙe maka tsani duk lokacin da ka hau rufin gidan mutane. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiya. Gwiwar Mama ta daina kuka tun da zafi ya shigo, likita ya ce jinin Baba ya sauka, ɓauren bayan gida kuwa ya yi 'ya'ya har tsuntsaye sun gaji sun bar mana saura. Ni na gama duba takardun jarrabawar tarihi, inda na gano cewa a wajen ɗalibaina na bana, duk yaƙin da aka taɓa yi a duniya rikicin gado ne ya jawo shi. Ban rage musu maki da yawa ba, don a garin nan suka girma.

Yanzu ga maganar. Ka tuna sandunan golf da ka aiko wa Baba shekarar da ya cika saba'in. Ba ka nan ranar da aka buɗe kwalin, don haka bari in gaya maka. Ya jera su a cinyarsa ɗaya bayan ɗaya, ya shafa kowacce da gefen rigarsa, sannan ya tashi ya ce zai je ya duba ko an rufe famfon lambu, alhali ba mu da famfo a lambu. Shekara talatin shi da Mama suna gasa wa baƙi 'yan golf kifi a Quarteira, suna ganin jakunkunansu jingine a bakin ƙofa, ga shi yau ɗansa ya aiko masa da irin waɗanda ko baƙin ma ba kowa ke da su ba. Na san yadda aka yi ka saya. Ka shiga kanti ka ce a ba ka waɗanda suka fi kowanne, kamar yadda duk ɗan garin nan da ke ƙasar waje yake yi, mai kantin kuma ya ba ka abin da ka tambaya, wato irin waɗanda ƙwararru ke bugawa a talabijin. Ba laifinka ba ne. Kai ba ka taɓa riƙe sandar golf ba, ni ma sai bana na san abin da zan gaya maka.

Sandunan ƙarfe iri biyu ne, Yaya. Akwai na ƙwararru, irin naka: kansu siriri kamar wuƙar yanka burodi, baya a shafe yana sheƙi, kuma wurin da ya kamata ƙwallo ta taɓa a fuskar bai fi farcen babban yatsa ba. In ka same shi, ƙwallo ta tashi kamar an kira ta daga sama. In ka kuskure da ɗan kaɗan, ta tafi inda ta ga dama, zafin bugun kuma ya bi ƙota ya hau maka har gwiwar hannu. Akwai kuma na sauran 'yan Adam, masu faɗin gindi da ƙwaƙulallen baya, waɗanda aka kai nauyinsu gefe-gefe don ko ka buga a karkace su rufa maka asiri. Irinsu Mama ta saya wa kanta tun lokacin da ita da Baba suka fara wasan, ba ta tambayi kowa ba, kamar yadda take sayen tukunya: ta ɗaga, ta ji nauyi, ta biya. A wasan nan kowa yana da lambar rangwame, wato yawan bugun da ake ɗauke masa gwargwadon rauninsa, ƙwararre ba shi da ko ɗaya. Mama tana kan goma sha takwas. Baba yana kan ashirin da biyu lokacin da kwalinka ya iso. Yanzu yana kan talatin da ɗaya, kuma ya ce iskar teku ce ta canja.

Da shi kaɗai abin ya shafa, da an bar shi da iskarsa. Amma ka san gasar da ƙungiyar 'yan gari ke yi ranar Waliyyi Yohanna, lokacin da zafi ya kori baƙi aka bar mana filin: namiji da mace, ƙwallo ɗaya, wannan ya buga, wancan ya buga daga duk inda ta faɗi. Wato kuskurenka ba kai ke biyansa ba, abokin wasanka ne. Zama da maɗaukin kanwa, ka san abin da yake kawowa. Bara Mama ta yi wasanta duka a wuraren da ba a yi don wasa ba. Ta buga daga ƙarƙashin zaitun, ta buga daga cikin yashi, ta buga daga bayan ɗakin ajiye injin yankan ciyawa, sau ɗaya ma sai da ta nemi izinin awakin gonar maƙwabta. Ta ce babu bishiyar da ba ta gaisa da ita ba a filin nan. Su suka zo na ƙarshe. Na farko ana ba su ƙaton busasshen kifi wanda sai mutum biyu sun ɗauka, na ƙarshe kuwa gwangwanin sadin guda ɗaya, a gaban kowa, ana tafi. Matar da ta shekara talatin tana gasa sadin ɗanye daga teku, ita aka miƙa wa na gwangwani. Ta karɓa, ta yi murmushi, ta yi godiya. Ni da na san murmushin nan, sai na ji tausayin Baba.

Shekara guda ta yi tana ajiye da maganar, kamar zaitun a ruwan gishiri. A watan Mayu, muna cin abincin rana, ta ce bana da Sinyor Anacleto za ta yi gasar. Ka san shi, mai kantin magani na da, wanda matarsa ta rasu, mai buga ƙwallo ba nisa amma a miƙe kamar fada zai tafi coci. Baba ya yi dariya, ya ce shekara arba'in da uku da aure ba a taɓa raba sunansu a komai ba, har takardar wutar lantarki. Mama ta ci gaba da zuba miya, ta ce, "Na yi maka alkawarin zama cikin daɗi da wuya, Custódio. Ban ji fada ya ambaci ƙaya ba." Daga ranar dariya ta ɗauke a gidan nan. Labari ya riga shi isa gidan shan kofi, abokansa suka fara tambayarsa ko shi zai riƙe wa ango da amarya jaka, wani ya ce ya kwantar da hankalinsa, ko ba komai matarsa za ta riƙa samun maganin gwiwa kyauta. Ya daina zuwa. Ya koma tashi da sassafe yana tafiya filin koyo shi kaɗai da sandunanka, ya dawo yana jiƙa hannu a ruwan sanyi a ɓoye. Abin dariya ne, na sani, ni ma na yi dariyar. Amma ban taɓa ganin Baba yana tafiya yana kallon ƙasa ba sai bana.

Sai na ce ya raka ni kantin da ke bakin filin koyo a canja wa sandunan Mama robar mariƙi, don ni ban san kan abin ba. Mai kantin, Dona Graciete, sa'ata ce, ta yi gasa a ƙasashe da ƙuruciyarta, kuma na riga na tsegunta mata. Kafin a gama aikin ta roƙi Baba ya ɗan buga mata, ta ga sandunan Kanada da ake ta labari. Ta manna wata siririyar takarda a fuskar sandar, wadda ke nuna tabon inda ƙwallo ta taɓa. Ya yi ta bugawa. Da ta ɓare takardar ta nuna masa, tabo ko'ina, a baki, a dunduniya, a sama, a ƙasa, tsakiya ce kawai fes kamar an share ta don baƙi. Baba ya duba ya ce takardar ce ba ta mannu daidai ba. Ba ta yi masa gardama ba. Ta miƙo wata mai faɗin gindi ta ce ya gwada mata wannan, wai sabuwa ce, tana son jin ra'ayin mai hannu. Ya juya ta, ya ce wannan ai shebur ce, ko rami za a haƙa. Sannan ya buga.

Yaya, a karkace ya buga, ni da ban san komai ba na ji ƙarar ba ta fita daidai ba. Amma ƙwallon nan ta tashi, ta yi sama, ta tafi gaba abinta, ta sauka kusa da tuta. Ta biyu ma haka. A ta uku ya daki ƙasa kafin ƙwallo, gindin sandar ya zame a kan ciyawa maimakon ya nutse, ta sake tashi. Ya tsaya yana binta da irin kallon da yake yi wa jikokinsa a waya. Na ce a raina shi ke nan, gani ya kori ji. Sai ya goge fuskar sandar da tafinsa, ya miƙa wa Dona Graciete da hannu biyu, ya ce ba laifi, ga masu bukata, shi ɗansa ya riga ya saya masa. Muka shiga mota, muka wuce gonakin lemo. Na fara jero masa hujjoji, da ta ɗaya da ta biyu, yadda nake yi wa ɗalibai. Ya bar ni na numfasa, sannan ya ce, yana kallon taga, "Yaron nan rufin mutane ya hau cikin ƙanƙara ya sayo su. Sai in jingine su a gareji kusa da tsohon keke, in ce masa bai iya zaɓe ba?" Ban sami hujja ta uku ba.

Na kai wa Mama maganar kamar yadda ya faɗe ta. Tana fere dankali, ba ta ɗago ba, sai dai na ga wuƙar ta ɗan tsaya. Ranar Lahadi ta dafa shinkafa da kifi, ta gayyato Sinyor Anacleto, abin da Baba ya ɗauka cin fuska ne, ta kuma gayyato yayarsa, Gwaggo Benedita, wadda in kana son magana ta zaga gari kafin yamma ita ake ba abinci. Baba ya dawo daga fili ya jingine jakarsa a bakin ƙofa. Ana tsakiyar ci Mama ta tashi, ta zaro sanda ɗaya daga jakar, da laka da ciyawa a jikinta, ta kawo ta ajiye a kan farin mayafin tebur tsakanin kwanuka. Ta ce Gwaggo ta duba da idonta abin da ƙaninta ke yi da kayan da ɗansa ya aiko daga Kanada. Ta nuna ƙwarzane, ta nuna inda dutse ya ci bakin ƙarfen. Ta ce ita ta gaji da jin kunya. Duk gidan da ke da ɗa a waje ya san inda ake ajiye abin da ɗa ya aiko, sai gidanta, inda ake ɗaukar kyautar yaro ana sarar ƙasa da ita kamar fartanya.

Gwaggo ta sa tabarau ta duba, ta yi alamar gicciye. Ta ce ita ta daɗe tana gani, kawaici kawai take yi. Sinyor Anacleto, wanda bai san aiki aka gayyato shi ba, ya ce gaskiya injin kofin da 'yarsa ta aiko masa daga Lyon har yau yana cikin ledarsa a falon gaba, kuma bai taɓa rasa kofi ba. Baba ya ce ai sanda don a buga aka yi ta. "Agogo ma don a duba lokaci aka yi shi," in ji Gwaggo. "Na falonku da ɗan'uwanmu marigayi Horácio ya kawo daga Jamus, ka taɓa ganin yana tafiya?" Ka san falon nan, Yaya, wanda ba mu taɓa zama a cikinsa ba sai in fada ya zo da Ista, da kofunan gilashin da ba su san ruwa ba, da kujerun da har yau ba a cire musu leda ba. Ina kallon fuskar Baba lokacin da abin ya faɗo masa. Ban taɓa ganin wanda aka yanke wa hukuncin da ya daɗe yana roƙon Allah ba sai ranar. Ya yi musu gardama daidai gwargwadon da mutunci ya bukata, ya bugi tebur sau ɗaya, a hankali don kada miya ta zube, sannan ya ce tunda mata sun haɗe masa kai, shi ba zai raba gida a kan ƙarfe ba. Mama ta ƙara masa kifi. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba.

Yanzu suna bango. An wanke su, an goge, kafinta ya yi musu allo na katako mai kyau, an jera su kamar buɗaɗɗen mafici a saman hoton auren su Baba. Gwaggo ta yi aikinta, don a makon farko mutane sun yi ta zuwa gani, har da abokan gidan kofi, waɗanda suka tsaya a bakin ƙofar falo hula a hannu kamar an yi rasuwa. Baba ke yi musu bayani, ya ce irinsu ake bugawa a talabijin, ɗansa ne ya aiko daga Toronto. Mai maganar maganin gwiwa ya tambaya ko zai iya ɗaga ɗaya ya ji nauyi. Baba ya ce a'a.

Tunda sandunan ado sun hau bango, dole a nemo na aiki, kamar yadda mai takalmin zuwa coci yake bukatar na zuwa gona. Muka koma wurin Dona Graciete, wannan karon shi ya ce in kai shi. Ta fito da iri uku. Ta auna tsawonsa, ta sa shi ya buga da ƙota ta ƙarfe da kuma mara nauyi mai ɗan lanƙwasa, ta ce a shekarunsa mara nauyin ce za ta bar shi ya gama fili da kafaɗarsa a jikinsa. Dogayen sandunan, masu lamba huɗu da biyar, ta ce ya manta da su, ta ba shi wasu biyu masu dunƙulallen kai a madadinsu, ba su cika ƙarfe ba ba su bar ƙarfe ba, Baba ya sa musu suna barbarar yanyawa. Da iri na farko ya yi wani bugu mai nisa ƙwarai, ya juyo yana neman shaida. Dona Graciete ta ce, "Sinyor Custódio, bar kallon wanda ya fi kyau, wannan kowace sanda tana yi sau ɗaya a rana. Kalli wanda ya fi muni, don a can matarka za ta je ta tsaya." Daga nan ya daina duba nisa, ya koma duba gefe. Iri na uku, masu kai kamar ƙafar agwagwa, su ne ko mummunan bugunsu bai bar tsakiyar fili ba. Ya ce su zai ɗauka, wai don sun fi muni, kada wani ya ce suna gasa da na ɗansa. Na ce wannan tunani ne mai kyau. Dona Graciete ta juya tana neman wani abu a durowa, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Tun daga nan gidan ya dawo da hayaniyarsa. Tafkin nan na tsakiyar fili, wanda Baba ya shekara biyu yana ciyar da kifayensa ƙwallaye, ya tsallake shi sau uku a jere, ya dawo gida yana waƙa, ya ɗaga murfin tukunya ba izini, Mama ta doke masa hannu da cokali. Ya koma gidan kofi. Ya ce iskar teku ta gyaru. Bai zama ƙwararre ba, kada ka ɗauka. Har yanzu yana shiga yashi, amma kamar baƙo yake shiga, ba kamar mai gida ba. Sai dai Mama ba ta janye maganarta ba. Ta bi shi fili, ta tsaya a bayansa hannu a ƙugu, ta dawo ta ce za ta gani. Shi kuwa Sinyor Anacleto ya tare ni a kasuwa shekaranjiya tsakanin masu tumatir, ya ja ni gefe ya ce don Allah, Malama, in da yadda za a yi, a cece shi. Ya fita gwaji da Mama, ta ce masa yana buga ƙwallo kamar mai auna garin magani, ya ƙara ƙarfi. Da ya ƙara, ta ce wa ya ce ya ƙara haka. Ya ce shi mutum ne mai mutunci, ba zai janye wa mace ba, amma duk shekarun da ya yi yana sayar da maganin barci bai taɓa sha ba sai yanzu. Na ce ba ni da iko a kan hukuma. Da safiyar gasa ake ba da suna a teburin sakatare, kuma har na kawo nan a rubutu ba wanda ya san da wa za ta tsaya. Baba ya wanke sandunan aikinsa da safe, yanzu ma ina jin yana sake wanke su.

Ga abin da nake roƙonka. In ka zo a watan Agusta, Baba zai kai ka falon gaba kafin ka ajiye jaka. Ka tsaya, ka duba, ka yaba katakon, ka ce ba ka taɓa ganin an karrama kyauta haka ba. Kada ka tambayi abin da ya hana shi bugawa da su, kada kuma ka ce za ka aiko da wasu. Kuma kada ranka ya ɓaci. Ni ina nan kusa, ni ke kai su asibiti, ni ke gyara musu waya, kuma a iya sanina babu wani abu nawa da ya taɓa hawa bangon nan, takardar digirina ma tana cikin durowa tare da garantin firiji. Naka yana saman hoton aure. Shekara biyu mutumin nan yana shan zafin ƙarfe a hannunsa don kada a ce ɗansa bai iya zaɓe ba. In akwai wata hanyar da Baba ya iya cewa yana kewarka, ni ban san ta ba.

Jiya a nan na ajiye biro, yanzu gari ya waye, ga ƙarashen. Ƙamshin guga ne ya tashe ni. Abokan wasa a gasar nan riga launi ɗaya suke sawa, kuma mace ce ke zaɓar launin. Na fito na sami Baba zaune a kicin cikin singileti, ya aske gemu, kofi yana hucewa a gabansa, yana kallon komai ban da teburin guga. Mama ta goge riga ruwan ɗorawa guda, ta rataye. Ta ɗauko ta biyu, ta namiji, ta goge wuya, ta goge hannuwa, ta bi kowane maɓalli a hankali kamar ba ta da wurin zuwa. Baba ya kasa haƙuri, ya ce da kofinsa rigar nan kamar za ta yi wa Anacleto yawa. Mama ta ce Anacleto shuɗiya zai sa, don tun makon jiya ta haɗa shi da Dona Graciete, wadda ba ta da abokin wasa, shi ma sai yau zai ji. Na ce mata ta san dai da Dona Graciete a gefensa su za su ɗauki ƙaton kifin. Ta ce ta sani, kifi ai ta gani a rayuwarta. Sannan ta cilla wa Baba rigar a cinya, da zafinta. "Sa, tsoho. In ka kai ni cikin zaitun yau, a can za ka kwana." Ya sa ta a bai-bai. Ba wanda ya gaya masa sai da ya kai bakin ƙofa.

Ka gaida Marlene da kyau, ka ce mata za a shanya mata ɓaure. Ka shafa min kan Duarte da Carminho, ka ce gwaggonsu ta ce su zo da ɗan harshen gida, ko na gaisuwa ne. Ka gaida Kawu Abílio da iyalinsa, da duk 'yan garinmu da ke taruwa a wurinku ranar Lahadi. Mama tana gaishe ku, Gwaggo Benedita ma tana gaishe ku, ta ce an ce ka yi ƙiba. Allah ya kawo ku lafiya, ya sa mu gana da alheri.

Ni ce direba yau, ni ce kuma mai riƙe ruwa. Tun ɗazu suna kujerar baya su biyu kamar gwaiduwa biyu a ƙwai ɗaya, har sun fara gardamar wanda zai fara bugawa, Baba ya miƙo hannu yana danna min hon. Zan jefa takardar nan a gidan waya a hanya. Ga makulli a hannuna, bari in ja ƙofa. Na tafi.

Ƙanwarka,
Natércia